Al'ada a Ajin da Ake Karantarwa da Harshe Biyu: Gadon Sakkwato da Aikin da Ya Rage

Laccar da aka gabatar a gaban malaman makaranta da iyayen yara a Runjin Sambo, cikin birnin Sakkwato

 

   

Maganar da za a tattauna yau ita ce matsayin al'ada a ajin da ake karantarwa da harshe biyu, wato Hausa da Ingilishi a nan Nijeriya, ko Hausa da Faransanci a ƙetaren iyaka, Nijar. Gardamar da aka saba ji ita ce da wane harshe za a karantar da yaro. Akwai wata tambaya a bayanta da ba a cika yi ba: idan malami ya buɗe baki da harshen, me zai faɗa da shi? Ana iya karantar da ɗan Sakkwato da Hausa zalla, amma misalan duk na dusar ƙanƙara ne da 'ya'yan itatuwan da bai taɓa gani ba. Kunnensa ya ji Hausa, hankalinsa bai kama komai ba. Za a bi maganar a matakai bakwai.

Na farko: Yadda ajin yake a yau

Al'ada, kamar yadda ake nufi a wannan lacca, ta haɗa duk abin da yaro ya sani kafin ya taka ƙofar makaranta: yadda ake gaisuwa da yadda ake zama gaban babba, sana'ar gidansu, wasannin dandali, labaran dare, lissafin kasuwa, sunayen tsirrai da na lokutan shekara, da tarbiyyar addini da ta ratsa dukkan waɗannan. Ɗan shekara shida da ke kai wa mahaifiyarsa niƙa ya karɓo canji daidai ya riga ya fara lissafi. Yarinyar da ke jagorar waƙa a gaɗa ta riga ta san amsa-amo da tsarin baiti, ko da ba ta san sunayensu ba.

Ta fuskar doka, Manufar Ilimi ta Ƙasa da ta fito a 1977 ta ce a fara karantar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsa, daga baya a koma Ingilishi. Bugun 2004 ya fayyace cewa shekara uku na farko ne na harshen gida, Ingilishi ya karɓa daga aji huɗu. A ƙarshen Nuwamba 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da sabuwar manufar harshe da ta ƙara wa'adin zuwa shekara shida. A Nuwamba 2025 kuma Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke wannan manufa da mayar da Ingilishi harshen karantarwa tun daga tushe.

Doka ta sauya sau da yawa, ajin kuwa bai sauya ba. A mafi yawan makarantun gwamnati na wannan jiha malami yakan karanta jimla daga littafi da Ingilishi, ya juya ya bayyana ta da Hausa, yara su maimaita da murya ɗaya, su kwafe abin da ke allo. Ashe ajin mai harshe biyu ne, ko an rubuta haka a takarda ko ba a rubuta ba. Damuwar ita ce rabon aikin da aka yi wa harsunan: Ingilishi ya riƙe littafi da jarrabawa, aka bar wa Hausa tsawa da aike da ceto idan magana ta cuɗe. Wane darasi yaro zai ɗauka daga wannan rabo? Zai ɗauka cewa ilimi yana can wani wuri, abin da ya zo da shi daga gida kuma a bakin ƙofa ake tuɓe shi tare da takalmi.

Na biyu: Sakkwato ta daɗe da sanin wannan aiki

Karatu da harshe biyu ya riga boko zuwa ƙasar nan da ƙarnuka. A makarantar allo yaro yana koyon haruffan Larabci da sunayen da aka laƙaba musu na Hausa, irin su ba guje da ha ƙarami da ɗa mai hannu, sunayen da ke siffanta kamannin harafin da abin da idon yaro ya sani. Daga babbaƙu ya wuce farfaru, daga nan har sauka. A makarantar zaure almajiri yakan ja baƙin Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya ko Risala, malam yana fassara masa gaɓa-gaɓa, yana kawo misali da rijiyar unguwa idan ana babin tsarki, da garken shanu idan ana babin zakka. A tafsirin watan azumi mai jan baƙi yana karantawa, malam yana warwarewa da Hausa. Matanin na Larabci ne, fahimtar ta gida ce, kuma babu wanda ya taɓa cewa fassarar ta rage wa almajiri Larabcinsa.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rayu daga 1754 zuwa 1817, ya rubuta littattafansa da Larabci domin malamai, ya yi waƙoƙi da Fulatanci, ya yi wa jama'a wa'azi da harshen da suke ji. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ta mayar da wannan hanya tsari. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta juya wasu waƙoƙin mahaifinta zuwa Hausa, ɗan'uwanta Isa ɗan Shehu kuma ya juya nata da dama. Sannan ta kafa 'Yan Taru: matan ƙauyuka suna tahowa Sakkwato ƙarƙashin jagorancin dattijuwa da ake kira jaji, su haddace waƙoƙin da ke ɗauke da tauhidi da fiƙihu da tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, su koma su karantar da sauran mata.

A nan ya kamata a ɗan dakata, domin akwai hikima biyu. Ta farko, Asma'u ta zaɓi waƙa ne saboda matan da take nufi da waƙa suke daka da niƙa da raino, ba sai an koya musu yadda ake riƙe baiti a ka ba. Ta biyu, kamar yadda Jean Boyd, wadda ta daɗe a Sakkwato tana binciken rayuwar Asma'u, ta bayyana, malafar da ake ba jaji alama ce da mutane suka riga suka sani a kan Innar Gobir, shugabar 'yan bori. Asma'u ta ɗauki malafar ta naɗa mata rawani, ta mayar da ita alamar malanta. Ta karɓi abin da jama'a suka gane, ta zuba masa sabuwar ma'ana. Duk abin da wannan lacca ke kira a yi yana cikin wannan misali.

Na uku: Abin da ya faru da boko ya zo

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris 1903, makarantar boko ta farko da gwamnatinsu ta tsara sosai a Arewa ita ce wadda Hans Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Da Hausa ake karantarwa a cikinta, da haruffan boko, kuma akwai sashen sana'o'in hannu. Da aka ga babu littattafan da yara za su karanta, sai hukumar fassara da talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shehu Umar da sauransu.

Littafin da ya fi dacewa da batun yau shi ne Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito cikin kundi uku a ƙarshen shekarun 1930, kuma domin makarantu aka rubuta shi. Da yawa daga labaransa Imam ya samo su ne daga littattafan Larabawa da Indiya da Turai. Bai kawo su yadda ya same su ba. Ya zaunar da su a fadar sarki da waziri da fadawa, ya ba mutanen ciki sunaye da halaye da bakin Hausawa, har mai karatu ba ya jin baƙuncinsu. A nan gida kuma Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta kafin ya shiga siyasa, ya tsara Waƙar Nijeriya domin ɗalibai su riƙe labarin ƙasa da baiti. Hanyar Asma'u ce ta sake ɓullowa a ajin boko.

Sai dai boko ya zo da wata ɗabi'a ta daban, wadda dattawan da ke zaune nan za su tuna: a makarantu da yawa, musamman na kwana, yin Hausa laifi ne da ake cin tara ko horo a kansa. Wasu makarantun kuɗi har yau suna yin haka, suna kuma alfahari da shi. Yaron da aka hora saboda ya yi maganar mahaifiyarsa yakan koyi shiru kafin ya koyi Turanci.

Na huɗu: Abin da gwaji ya nuna

Tun a 1953 UNESCO ta fitar da rahoton da ya ce harshen uwa ne ya fi dacewa a fara karantar da yaro da shi. Gwajin da ya fi shahara a Nijeriya shi ne na Jami'ar Ife, wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970. An karantar da yara dukkan darussa da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Ingilishi yana matsayin darasi guda a hannun malaman da aka horar musamman dominsa. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba, a wasu darussan kuma sun fi su. Abin da ake yawan mantawa shi ne masu aikin Ife sun zauna sun rubuta sababbin littattafan lissafi da kimiyya da zamantakewa da suka dace da rayuwar yaran. Harshen da kayan cikinsa tare suka tafi.

A Nijar an buɗe makarantar gwaji ta farko mai Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973, daga baya tsarin ya haɗa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da harshen Buzaye. A 2025 kundin mulkin da hukumomin ƙasar suka ƙaddamar ya ayyana Hausa harshen ƙasa. A nan Sakkwato da Bauci, shirin da USAID ta tallafa daga 2015 ya samar da littattafan Mu Karanta domin aji ɗaya zuwa uku, inda yaro ke fara ƙwarewa a karatun Hausa sannan a ɗora masa na Ingilishi.

Dalilin da ya sa wannan tsari ke aiki masani Jim Cummins na Kanada ya bayyana shi tun ƙarshen shekarun 1970: ƙwarewar da yaro ya samu a harshe ɗaya, kamar gane cewa harafi yana wakiltar sauti ko cewa labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, tana binsa zuwa harshe na biyu. Sau ɗaya ake koyon karatu a rayuwa. Ta fuskar al'ada kuwa, Luis Moll da abokan aikinsa a jihar Arizona ta Amurka sun sa malamai su riƙa ziyartar gidajen ɗalibansu 'yan asalin Meziko, su rubuta irin sanin da ke gidajen, na noma da gini da gyaran mota da magunguna, su gina darasi a kai. Sun buga sakamakon a 1992. Gidajen da makaranta ke ɗauka babu komai a cikinsu sai talauci sai ga su cike da ilimin da malamai ba su san da shi ba.

Na biyar: Yadda ake yi a darasi

Wannan shi ne matakin da ya fi shafar malamai, don haka za a bi shi darasi-darasi.

A koyon karatu, tatsuniya, wadda Basakkwace ke kira gatana, ita ce littafin farko. Yaro ya san Gizo da Ƙoƙi, ya san yadda ake buɗe labari da yadda ake rufe shi. Malami zai iya sa yara su ba da labarin da baki, ya rubuta shi a allo da kalmominsu, su karanta abin da suka faɗa da kansu. Tun da sun san ma'anar, ƙarfinsu duka zai tafi ga gane haruffa. Kacici-kacici yana koyar da siffanta abu da hasashe. Karin magana kuma ya dace da manyan azuzuwa, inda za a tambayi yaro a wane hali ake faɗinsa, ya kawo labarin da ya dace da shi.

A lissafi, ƙidayar Hausa da kanta tana ɗauke da ɗebewa: wanda ya ce ashirin ba biyu ya riga ya cire biyu daga ashirin. Dara tana da gurbi talatin, layi biyar sau shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, ga ninkawa ga tsara dabara. Mudu da tiya da kamu da taƙi suna buɗe ƙofar awo, kuma ranar da yara biyu suka auna tsawon aji da taƙinsu suka sami amsa daban-daban, ranar za su gane dalilin da ya sa aka ƙirƙiro mita. Yaron Islamiyya ya riga ya ji rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni a babin gado, ya ji ɗaya bisa arba'in a zakkar dukiya, da ushiri a amfanin gonar damina, da rabinsa a na noman rani. Me zai sa malamin lissafi ya fara darasin kashi-kashi kamar yaron bai taɓa jin labarinsa ba?

A kimiyya, kicin ɗin kowace uwa ɗakin gwaji ne. Idan aka ɗiga ruwan kanwa a jiƙon zoɓo launinsa yakan juye ya yi duhu, idan aka ɗiga tsamiya ko lemun tsami ja ya dawo. Wannan shi ne darasin sinadarai masu tsami da kishiyoyinsu, ba tare da an sayi kwalba ko ɗaya ba. Randa tana sanyaya ruwa a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, saboda ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana tafiya da zafi idan ya bi iska. Da wannan sanin ne Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya mai adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Majema suna jeme fata da bagaruwa, dukawa suna rina ta da karan dafi, kuma fatar jar akuyar Sakkwato ta ƙetare Sahara tun da daɗewa har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Darasi ɗaya a kan jima ya haɗa kimiyya da tarihi da kasuwanci.

A tarihi da labarin ƙasa, taswirar farko da yaro zai zana ita ce hanyar gidansu zuwa makaranta. Daga nan ƙofofin birni, irin su Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da Ƙofar Kware da Ƙofar Taramniya da Ƙofar Atiku. Daga nan gulbin Rima da na Sakkwato da inda suka haɗu, da madatsun Goronyo da Bakolori, da fadamar Kwalkwalawa, da dutsen siminti na Kalambaina. Wanda ya fahimci Rima zai fahimci Kwara, wanda ya fahimci Kwara ba zai sha wuya da Nilu ba. Hubbaren Shehu da gidan adana tarihi na Waziri Junaidu suna cikin gari. Yara nawa ne a makarantun wannan unguwa aka taɓa kaiwa?

A darasin Ingilishi kansa al'ada tana da aiki. A sa yaro ya bayyana da Ingilishi yadda ake dama fura, ko ya rubuta wa baƙo kwatancen hanya daga Runjin Sambo zuwa Hubbare, ko ya ba da labarin bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016. Abin faɗa yana hannunsa, kalmomi kawai yake nema. Ta haka Ingilishi zai zama masa kayan aiki, ya iya gaya wa duniya ko shi wane ne.

Duk wannan ya bambanta da ranar al'adu da makarantu ke yi sau ɗaya a shekara, a sa wa yara kayan Fulani da na sarauta, a yi rawa, a ɗauki hoto. Ranar tana da daɗinta, amma washegari an ninke kayan an koma yadda ake. Al'adar da ke amfanar karatu ita ce wadda ke shiga darasin Litinin da na Talata.

Na shida: Wurare uku da ake tuntuɓe

Wuri na farko shi ne karin harshe. Littattafan makaranta da Daidaitacciyar Hausa aka rubuta su, wadda ta fi kusa da Kananci. Ɗan Sakkwato yana cewa sunka tahi, littafi yana cewa suka tafi. Yana cewa wanga da abin ga, littafi yana cewa wannan. Malamin da ya kira wannan kuskure ya maimaita wa yaro wulaƙancin da ake kuka da shi daga Ingilishi. Sakkwatanci shi ne bakin Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗanƙwairo, kuma yawancin waƙoƙin malaman jihadi na Hausa da shi aka yi su. Hanyar da ta dace ita ce a gaya wa yaro gaskiya: ga yadda ake faɗa a gida, ga yadda aka yarda a rubuta domin na Kano da na Damagaram su karanta. Ya riƙe duka biyun.

Wuri na biyu shi ne zaton cewa duk wanda ke ajin Bahaushe ne. A unguwa irin Runjin Sambo, inda ma'aikata da 'yan kasuwa da mutanen jami'a ke zaune, aji ɗaya yakan haɗa Bafulatani da Bazabarme da Badakkare da Bayarabe da ɗan ƙabilar Ibo, Musulmi da Kirista. Hausa ce harshen da ya haɗa su a titi, amma kowa da gidansu. Idan ana darasin gaisuwa ko sunayen abinci ko bikin suna, a ba kowa dama ya kawo nasu, a jera a allo, a kwatanta. Ga yaran makiyaya kuma, Hukumar Ilimin Makiyaya da aka kafa a 1989 an yi ta ne bisa fahimtar cewa darasinsu sai ya dace da rayuwar ruga.

Wuri na uku shi ne zaɓe. Al'ada sai an tankaɗe ta an rairaye kafin ta shiga aji, kamar yadda ake yi wa gari. Camfin da ke hana yaro cin ƙwai wai zai zama ɓarawo ya shiga aji ne domin a bincike shi a darasin abinci mai gina jiki. Barkwancin da ke wulaƙanta wata ƙabila ko mai wata sana'a ko mai naƙasa ba shi da kujera. Kunya kuwa tana buƙatar lura ta musamman. Yaron da aka tarbiyyantar da sunkuyar da kai gaban babba ba daƙiƙi ba ne idan ya yi shiru. Malamin da ya san haka zai nemi hanyar da al'adar da kanta ta halatta wa yaro magana: a kacici-kacici ƙarami yana iya ƙure babba har a ba shi gari, a gaɗa yarinya tana jagorar sa'o'inta. Aikin rukuni-rukuni da tambayar juna tsakanin yara suna buɗe bakin da tambayar malami kai tsaye ke rufewa.

Na bakwai: Ƙorafin iyaye da rabon aiki

Uba zai iya tashi a wannan zaure ya ce: Allah gafarta malam, da Turanci ake WAEC da NECO da JAMB, da Turanci ake neman aiki, Hausa kuwa yaro ya iya ta tun a gida. Maganarsa tana da nauyi, kuma yawan faɗuwa a waɗannan jarrabawa ne dalilin da ministan ya bayar a 2025. Amsar tana da fuska biyu. Ta farko, yaron da ya shiga aji ɗaya bayan manufar 2022 bai ko gama firamare ba lokacin da aka soke ta, don haka ba shi ne ya faɗi WAEC ba. Ta biyu, iya magana daban, iya karatu da rubutu daban. Yaron da ya kai aji huɗu bai iya karanta jimla da harshen da yake mafarki da shi ba, ta yaya zai karanta ta da harshen da yake ji a makaranta kawai? Burin uban da burin wannan lacca ɗaya ne, wato yaro ya iya Ingilishi sosai. Saɓanin a kan hanya ne. Kuma ko da wane harshe doka ta ce a yi darasi, babu dokar da ta hana malami kawo zoɓo da kanwa aji.

Aikin ya rabu gida huɗu. Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da sauran wuraren horar da malamai su koya wa ɗalibansu yadda ake tafiyar da harshe biyu da tsari: wane ɓangare na darasi da Hausa, wane da Ingilishi, yaushe ake ƙetarawa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da sashen harsunan Nijeriya da cibiyar nazarin Hausa, kuma kundayen binciken ɗalibanta a kan wasanni da sana'o'i da adabin baka sun isa a tace su a mayar da su ƙananan littattafan yara. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wadda ke tafiyar da shirin ilimin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a wannan birni a watan Satumba 1999, ita ke da alhakin buga littattafan da kai su hannun yara. Iyaye kuma su ne ma'ajiyar kayan darasin, da ɗan gari akan ci gari. Maƙeri ko majemi ko manomin fadama ko tsohuwa mai gatana da aka gayyata aji na rabin awa ta bar wa yara abin da za su rubuta a kansa mako guda, da Hausa da Ingilishi. Wannan ɓangare ba ya jiran kasafin kuɗi, shugaban makaranta da kwamitin iyaye sun isa su fara shi a zangon karatu mai zuwa.

A nan maganar ta tsaya.   Yanzu fili na masu tambaya ne da masu gyara da masu ƙarin bayani, musamman malaman aji ɗaya zuwa uku, waɗanda ke fama da wannan aiki kullum. Bisimillah.